Mangwaro Bakwai a Kan Iyaka

Ni na kawo dashen mangwaron nan, gara in faɗa tun da fari. Shekaru da dama in zancen ya tashi a gidanmu sai in noƙe, in bar Baba ya ɗauki laifin shi kaɗai, tun da bai taɓa musu ba. Amma ni ce na jera su guda bakwai a cikin kwali, kowanne da ƴar baƙar ledarsa, na rungume a bayan kabu-kabu tun daga makarantar da nake koyarwa a Maraɗi. Sabuwar malama ce ni a lokacin, kaina cike da karatu, bakina kuma ba linzami. Kullum ina gaban allo ina gaya wa yara itace shi ne rai, ban taɓa tsayawa na tambayi wane itace ba, a wace gona.

Mahaifina mutumin Tsibiri ne, manomin gero, kuma in ka shiga garin ka ce a kai ka gonar mai itatuwa, ba wanda zai tambaye ka wace. A zamanin ƙuruciyarsa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya sassabe, ya ƙone, har ka iya hango ƙadangare daga wannan iyaka zuwa waccan. Shi kuwa sai ya fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya rage sauran. Aka yi ta yi masa dariya, ana cewa gonar raggo. Da iskar farkon damina ta riƙa binne shukar mutane da rairayi tasa tana tsira, sai dariyar ta ragu. Da geron gindin gawonsa ya riƙa fin na ko'ina kauri, sai ta ƙare.

Gawo dai itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke cika da ganye, shi zubar da nasa yake yi, ya tsaya tsirara, rana ta ratsa ta sauka kan shuka. Ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar kashi. Baba ya fahimci wannan da idonsa, ba wanda ya koya masa. Daga baya har baƙi suka riƙa zuwa da motoci suna kallon gonar, shi kuma yana gaba da sandarsa yana cewa, "Ku zo ku gani." Rabonsa da ɗora gatari a gindin ɗanyen itace tun kafin a haife ni. Abin da ya sa ake ganin girmansa ke nan, kuma abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan, ga shi dama Bagobiri.

Inna kuwa ƴar Jiratawa ce. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da yayanta, wanda muke kira Kawu. Mahaifinsu ya bar musu fadama kusa da gulbi, inda ruwa ke kwanciya da damina ana noman shinkafa. Da aka raba gado, gefen yamma ya faɗa wa Kawu, gefen gabas ya faɗa wa Inna, ƴar kunyar ƙasa ce kawai tsakaninsu. Shekaru masu yawa Kawu ne ke noma duka biyun. Da yayyena maza suka tasa, Inna ta nemi nata, ya ba ta ba tare da ko ɗaga murya ba, har ya koya wa Baba yadda ake gyaran fangali da dashen shinkafa, don mutumin tudu bai san ta ba sai a akushi.

Akwai al'ada ɗaya tsakanin Inna da Kawu. Duk kaka, in ya gama bugun shinkafarsa, sai ya cika buhu ɗaya da shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ya ɗora a amalanken shanu, ya hau kai, ya ratso Maraɗi har Tsibiri. Tafiyar safiya guda ce, amma bai taɓa aiko wani ba. Ko bayan da Inna ta karɓi gonarta bai daina ba. Da ta ce masa yanzu ai tana da tata, cewa ya yi, "Auta, wannan ba na gona ba ne, na nono ne." Ranar zuwan buhun nan ita ce sallar Inna. Ta yanka zabo, ta yi wa gidan shara biyu, su zauna a tabarma ɗaya daga azahar har la'asar sakaliya suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Ban taɓa ganin mahaifiyata tana dariya har da hawaye ba sai a irin ranar.

Da Baba ya fara noman fadamar, abin da ya dame shi ɗaya ne, ba itace ko ɗaya a cikinta. Ya ce in ya tsaya a ciki ji yake kamar ya fito ba hula. Ya ce mini in na samu dashen gawo a gari in kawo masa. Na duba a lambun makarantarmu, babu gawo, sai mangwaro da bedi, wato dogon yaro. Maimakon in nemo abin da aka aike ni, sai na kawo abin da na ga dama, har da dalilina. Na ce, "Baba, gawo wa ke cin ƴaƴansa in ba akuya ba? Wannan kuwa ga inuwa, ga abin sha, ga na kaiwa kasuwa." Ya jujjuya ledar a hannunsa ya ce to, icce dai icce ne.

A kan iyaka ya dasa su, taki ɗaya daga kunyar, ta gefenmu, a jere daga kudu zuwa arewa. Ta gabashinsu ya bar fili kaɗan inda rijiya take da ƴar rumfa da hanyar shiga. Ina wurin ranar, ni ke miƙa masa. Kawu ya zo ya tsaya da hauyarsa a kafaɗa, ya daɗe yana kallo.

"Malam," ya ce, "nan hwa hwadama ce."

"Icce bai san hwadama da tudu ba, Yaya," in ji Baba, yana danna ƙasa da diddige.

Kawu ya gyara hauyarsa a kafaɗa. Ya dubi gabas, ya dubi gonarsa, ya koma bakin aikinsa.

Shekara uku, huɗu, ba abin da ya faru. Mangwaro ya samu ƙasa mai laima ya yi ta miƙewa. Kafin mu ankara kawunansu sun haɗe, sun zama katanga ɗaya baƙa ƙirin, wadda ba ta zubar da ganye damina ko rani. Da safe, in rana ta fito daga gabas, inuwar sai ta kwanta yamma, kan fangulan Kawu, ba ta janyewa sai rana ta kusa tsaka. Da yamma in ta juyo gefenmu, kan rijiya da rumfa da hanya take sauka, inda ba abin da aka shuka. Mu muna shan sanyi, muna shan mangwaro, muna sa wa Baba albarka.

Abin da ya ruɗe mu shi ne kyan shinkafar da ke cikin inuwar. Ta fi sauran tsawo, ta fi su duhun kore, ganyenta faffaɗa, ko daga nesa ita ido ke fara kamawa. Wani hutun damina Baba ya kai ni har bakin kunyar ya nuna mini da sanda. "Kin gani? Abin da nike hwaɗa ma mutane ke nan. Dubi ta gindin icce, dubi ta can." Na duba, na yarda, har da aka koma makaranta na ba yara labari a aji. Kawu yana cikin fangalin ranar, a sunkuye yana cire ciyawa, kuma na tabbata ya ji mu. Bai ɗago ba.

Abin da ba mu gani ba, tun da ba mu ke yanke masa ba, sai daga baya ya zayyana mini shi. Shinkafar inuwa tsawon neman rana take yi, karanta siriri, ba ta yin ƴaƴa da yawa a gindi. Raɓa ba ta bushewa a jikinta sai hantsi ya yi nisa, ganyen ya riƙa fitar da tabo. Ba ta fitar da kai tare da ƴan'uwanta, in sauran gona ta nuna ita tana nan ɗanya. Iskar ƙarshen damina in ta zo, ita ce farkon kwanciya cikin ruwa. Tsuntsaye kuma sun samu masauki a mangwaron, in gari ya waye ba sa zuwa nesa neman kalaci. Abin da ya tsira daga duk wannan, in an buga, rabinsa hoto ne, ɓawo ba ƙwaya.

Kawu bai iya gaya wa Baba ba. Akwai nauyi tsakanin mutum da mijin ƙanwarsa, sannan yana tsoron a ce baƙin cikin gonar da ya mayar ne ke cinsa. Bai gaya wa Inna ba, don kada ya haɗa ta da mijinta. Sai ya zaɓe ni, tun da gidana na Maraɗi a tsakiya yake, duk mai zuwa daga Jiratawa ko Tsibiri nan yake shan ruwa. Wata ranar kasuwa ya shigo sayen taki, ya biyo. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Ɗiyata, iccen nan na babanki, inuwarsu ta yi ma shinkahwa yawa."

Har yau in na tuna amsar da na ba shi sai in ji kunya ta rufe ni. Raina ne ya ɓaci, don a kunnena Baba aka taɓa, kuma dashena aka taɓa. Na gyara zama na yi masa darasi kamar ɗan aji uku. Na ce itace na riƙe ƙasa, yana jawo ruwan sama, yana ba da taki, baƙi ma daga nesa suke zuwa koyo wurin Baba. Na ce wataƙila irinsa ne ya tsufa, ko takin ne bai isa ba. Ya bar ni na kai aya. Ya shanye ruwansa, ya jawo takalmansa.

"To, Madam," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba sai ranar. "Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo."

Ko Inna ban gaya wa ya zo ba.

Da kaka ta yi, aka aiko cewa buhu na tafe ran Asabar. Na tafi Tsibiri tun ran Juma'a da yamma. Inna ta yanka zabonta, ta yi shararta biyu, ta shimfiɗa tabarma. Wajen azahar muka ji ƙarar amalanke. Ta riga kowa zuwa zaure. Buhun na kai, amma wanda ke riƙe da igiyar shanun wani maƙwabcin Kawu ne. Ya ce mai buhun yana gaisuwa, lafiyarsa lau, aiki ne ya riƙe shi.

Baba ya matsa ya kama kunnen buhun da hannu ɗaya, ya fizgo shi daga amalanken, ya saɓa a kafaɗa. Har ya juyo yana yi mana dariya, wai Bagobiri ko ya tsufa ya fi ƙarfin buhu. Ni ma na yi dariya. Inna ba ta yi ba. Ita da ta yi shekara da shekaru tana guma shinkafa ta san abin da ake nufi da cikakken buhun da tsoho ke ɗauka da hannu ɗaya.

Ba ta jira gobe ba. Ta sa aka cika mata babban baho da ruwa a tsakar gida, kamar yadda take yi in za ta jiƙa shanshera kafin ta turara. Ta kwance bakin buhun ta tuttula. Shinkafa mai ƙwaya nutsewa take yi, marar ƙwaya ta taso. Muna tsaye muna kallo fuskar ruwan ta rufe ruf, har ba a ganin ruwan. Ta sa kwando ta kwashe, wani ya sake tasowa. Ta kwashe, ta kwashe, tana kaiwa gaban tabarmar Baba tana zubewa, har ya yi tsibi yana ɗigar da ruwa kusa da ƙafarsa.

"Malam, ga saƙon Yaya."

Baba ya ce wataƙila ƙyuyar sheƙa aka yi bana.

"Yaya bai taɓa aiko mani da ƙaiƙayi ba tun da nike," in ji ta. "Wannan daga ƙarƙashin mangwaronka ya yanko ta, ya aiko yadda take don ka gani da idonka, tun da kai sai ka gani kake yarda. Ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Baƙi na zuwa da mota suna ƙaruwa da kai, ɗan'uwana na kusa yana kwasar ɓawo." Ta ajiye kwandon. "Mu biyu muka rage, Malam. In ya daina taka gidan nan saboda icce, ba ni da wani."

A gaban ƴaƴansa aka faɗa masa wannan, kuma Baba ba mutumin da ake turawa ba ne. Ya ce ruwa ne ya yi gardama bana, ya ce kowa ya san ba a taɓa jin inda icce ya ɓata shuka ba. Ya kaɗe rigarsa ya fita masallaci, alhali ba a kira salla ba. Zabon nan mu muka cinye shi, Inna ko romo ba ta taɓa ba. A daren na gaya mata Kawu ya zo wurina, da abin da na ce masa. Ta dube ni kawai, ta ce ashe karatun naki bai kai ki inda ake sauraron manya ba.

Shekarar da ta biyo baya ba a yi faɗa ba, kuma da an yi da ya fi sauƙi. In Baba da Kawu sun haɗu a gona sukan gaisa, lahiya lau, ina gajiya, kowa ya kama gabansa. Salla ta zo ta wuce Kawu bai zo Tsibiri ba. Aka yi sunan ɗan yayana, ya aiko matarsa. Inna ta je Jiratawa sau biyu, ya karɓe ta da fara'a, ya ƙi yarda zancen ya taso, ta dawo ta fi tafiyarta damuwa. Da bazara aka kawo mangwaro kwanduna, ta rabar wa maƙwabta duka, ta ce ita haƙoranta ba sa so. Na ga mahaifiyata tana ramewa a kan abin da ni na ɗauko a kwali, abin ya tsaya mini a rai.

Da damina ta kankama, wata ranar Alhamis sai ga Baba a gidana da yamma, da ƙullin karan dawa a hannu. Ya ce zai kwana, da asuba zai wuce Jiratawa. Na tambaye shi karan na mene ne, ya ce na aiki ne. Na ce zan bi shi, bai hana ni ba.

Mun isa rana na ɓullowa. Ya tsallaka kunyar ya shiga gonar Kawu, abin da rabonsa da yi an daɗe, ya bi bakin inuwar yana kafa kara har ƙarshenta. Ya dawo rumfa ya zauna. Da hantsi ya yi ya koma ya kafa wani layin inda inuwar ta janye. Haka ya yi ta yi har rana ta take tsaka. Duk shigar da zai yi sai ya shafa ganyen shinkafar ya dubi tafin hannunsa. A can cikin rana ganye ya bushe tun da wuri, a gindin mangwaro kuwa har wajen sha ɗaya hannunsa jiƙe yake fitowa. Ya tsuguna ya ƙirga ƴaƴan gindi ɗaya a inuwa, yatsun hannu ɗaya suka ishe shi. Ya je cikin rana ya ƙirga, ya gama hannu biyu ya sake zagayowa. Ni kuwa na kama bakina, karo na farko a rayuwata.

Ya koma sau da yawa a daminar nan, ba tare da ni ba. Kawu ya tarar da kara kafe a gonarsa, bai tambayi wanda ya kafa ba, bai kuma cire ko ɗaya ba. In yana cire ciyawa sai ya kewaye su. Iyakar hirar da suka yi ke nan a kan maganar, tsawon wata uku. Da shinkafa ta fitar da kai, Baba ya riƙa tsinko ƙwaya daga cikin layin karan da wajensa yana matsawa da farce. Ta waje ta fitar da farin ruwa kamar nono, ta ciki ta lotse ba komai.

Kakar nan buhu bai zo ba sam. Inna ba ta yanka zabo ba, amma na lura duk amalanken da ya wuce ƙofar gida sai ta tsaya da abin da take yi har ƙararsa ta ɓace.

Ni na kawo shawarar a rage rassa kawai, a bar gindin. Baba ya girgiza kai. Ya ce mangwaron da ya samu fadama, in ka aske shi bana, baɗi waccan ya dawo ya fi da cika, ga saiwoyinsa sun riga sun shiga gonar mutum. Ya jira har Kawu ya kwashe shinkafarsa kaf, don kada itace ya faɗa kan amfanin gona. Ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya karɓo takarda, waɗanda suka san shi suka yi ta mamaki. Yayyena suka ce za su sare masa, ya ƙi. Aka ce a kira mai injin yanka, ya ƙi. Ya ce hannun da ya dasa shi zai sare. Ya wasa gatarinsa, wanda shekara talatin busasshen reshe kawai ya sani.

Kwana uku ya yi yana sara, yana kwana a gidana. Ran na ukun na bi shi da fura. Shida na kwance, ya nufi na bakwai, na can ƙarshen arewa, sai ga Kawu ya fito daga gonarsa ya zo ya dafa gindin itacen.

"Wannan ka bar shi, Malam. Inuwarshi kan hanya take hwaɗuwa, dubi karanka. Kuma nan nike salla."

Baba ya dubi karan, ya ga haka ne. Ya sauke gatarin. Ya share zufa da hularsa.

"Yaya, na ɓata maka shekara ukku."

"Huɗu," in ji Kawu.

Ya karɓi kwanon furar daga hannuna ya sha, ya miƙa wa Baba. Na durƙusa a wurin na ba shi haƙuri kan abin da na faɗa masa a gidana. Ya ce ya wuce, ɗiyata, ya koma bakin aikinsa. Bai ce zai zo Tsibiri ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Da yamma ina shafa wa Baba man kaɗe a tafin hannu, duk ya yi bororo ya fashe, na ce masa laifina ne, gawo ya aike ni na kawo mangwaro. Ya ce, "Ke kin kawo, ni na dasa. Gawo na sani, sai na zaci na san icce duka." Tausayinsa ya kama ni har na kasa ci gaba da shafawar. Daga baya ya nemo dashen gawo biyu da kansa, ya je ya tambayi Kawu inda zai sa su, Kawu ya nuna masa da ƙafa. Har yau baƙi na zuwa gonarsa ta Tsibiri, yana gaba da sanda, amma ya ƙara magana ɗaya a kan ta da. Yakan ce kafin ka dasa, ka san lokacin da iccen ke zubar da ganye, ka kuma je da sassafe ka ga gonar wa inuwarsa za ta kwanta.

Kaka ta sake zagayowa. Ba a aiko da saƙon komai ba. Inna ta ce kada wanda ya yi mata zancen buhu. Wata Asabar ina gida ina taya ta tsince wake, muka ji amalanke ya tsaya a ƙofa, ba wucewa ya yi ba. Ta zauna yadda take, faifai a cinya, ta ce in je in gani. Na leƙa zaure, na dawo da gudu kamar ba matar aure ba. Kawu ne zaune a kan buhu, yana kaɗe ƙurar hanya daga rigarsa.

Baba ya riga mu fita. Suka gaisa, ina gajiya, ina hanya. Kawu ya sauko ya ce wannan daga gindin kututturan nan shida ya yanko ta, bai haɗa da ta ko'ina ba. Baba ya matsa ya kama kunnen buhun da hannu ɗaya kamar wancan karon, ya fizga. Buhun bai motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya ɗan ɗaga gefe ɗaya ya sake shi. A cikin gida muna jin Inna ta watsar da waken, tana bin zabo tana kiran a tare mata ta bayan rumbu.

Baba ya tsaya yana haki, hannunsa a kan buhun, ya dubi Kawu.

"Kama mani, Yaya."

Kawu ya kama ɗaya gefen, suka shiga da shi tare.